Kowane Abinci Da Irin Ledarsa: Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwar Magarya Da Dungas

Idan mai karatu ya zagaya kasuwannin gundumar Magarya da ta Dungas a Jihar Damagaram, tun daga Bande da Waca da Yekuwa har zuwa Dogo-Dogo da Malawa, abu guda ne ba zai rasa gani a kowace rumfa da kowane faranti ba, wato leda. Mai ƙuli-ƙuli da ita take ƙulli, mai yaji da ita, mai awara da ita, haka mai nono da mai man gyaɗa da mai kilishi. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, kusan dukkansu leda iri ɗaya suke saye, sau da yawa ma a wajen mutum ɗaya, kuma tambayar da ake yi masa ba ta wuce biyu: nawa ne, kuma guda nawa ne a ciki?

Sakamakon haka kuwa kowa ya san shi. Ƙulin da aka toya ranar Litinin ya sha iska kafin Juma'a, garin ɗanwake ya dunƙule, yajin da ya fito ja wur ya koɗe, ƙullin nono ya kumbura ya fashe a cikin mota. Sai a ɗora laifin a kan zafi, ko a kan direba, ko a ce kasuwa ce ba ta yi ba, alhali a lokuta da dama ledar ce ba ta dace da kayan ba. Wannan yanki kuwa ƙasar gyaɗa da wake da riɗi da gero ce, ga rake da rogo a fadamu, kuma kayan da mata ke sarrafawa ba a gida kaɗai suke tsayawa ba. Wasu na hawa Damagaram, wasu na bi ta Tinkim zuwa Babban Mutum da Daura, wasu kuma daga Dungas su gangara kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, daga can su wuce Kano. Kayan da zai yi irin wannan tafiya yana bukatar sutura mai ƙwari.

Fara sanin abin da ke lalata kayanki

Kafin a je wajen mai leda, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: me ke lalata wannan abincin? Abubuwa biyar ne suka fi yi wa abinci ɓarna, wato danshi, da iska, da hasken rana, da zafi, da ƙwari. Kowane abinci da wanda ya fi tsoro a cikinsu. Gari da busasshen ganye danshi ne matsalarsu. Duk abin da ke da maiƙo, iska da haske ne ke juya masa wari da ɗanɗano. Wake da hatsi ƙwari ne. Ɗanyen kaya irin su tumatir da albasa kuwa har bayan an cire su daga gona numfashi suke yi, idan aka toshe musu iska sai su yi gumi su ruɓe.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin leda ta zo. Shi ya sa mai goro ke lulluɓe shi da ganye yana yayyafa masa ruwa, domin goro bushewa ce ke kashe shi, mai wake kuma ta gauraya shi da toka ko yashi ta toshe bakin tulu, a zuba mai a tandu a rataye a inuwa. Ba su taɓa yi wa goro da wake ajiya iri ɗaya ba. Zuwan leda ne ya sa muka manta wannan hikima, muka ɗauka ƙulli ɗaya ya isa komai.

Haka nan a kula da lokaci. Ledar da ta riƙe kaya lafiya a hunturu, lokacin da iska ke bushe, tana iya kunyata ki a watan Yuli da Agusta da damina ta zauna. A bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu, zafin wannan yanki kan haura digiri 40, kuma zafi yana gaggauta lalacewar duk wani abu mai maiƙo.

Yadda za a bambance ledoji

A ido duk leda ce, amma a masana'anta kowace da sunanta da aikinta. A jikin wasu ledojin ko kwalinsu akan ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. Lambar ce ke faɗin irin robar. Inda babu alama, hannu da kunne sun isa su gaya maka.

Ta farko ita ce mai laushi da ake kira PE, mai lamba 4. Idan aka ja ta tana miƙewa kafin ta tsinke, ba ta ƙara sosai, kuma ba ta da haske garau. Irinta ce ake yin ledar fiya wata da ita. Tana tare danshi, tana liƙuwa da sauƙi, tana jure sanyin firiza. Rauninta shi ne iska da ƙamshi suna ratsa ta, maiƙo ma a hankali yana biyo jikinta, sannan tana yin laushi tun ruwa bai kai ga tafasa ba.

Ta biyu 'yar'uwarta ce mai lamba 2, wadda ke ƙara idan an murza ta, mai launin hazo. Ta fi ta farko ƙarfi da jure zafi, amma siririyar da ake sayarwa don ƙulli ba ta da kaurin da zai tsare abinci na kwanaki.

Ta uku ita ce PP, mai lamba 5, irin wadda ake zuba biskit da cincin a ciki. Garau take kamar gilashi, tana sheƙi, ba ta miƙewa, amma da ta sami ɗan tsagi sai ta yage har ƙasa. Ta fi PE tare danshi idan kaurinsu ɗaya, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 160 take narkewa. Sai dai ba ta son firiza, sanyi mai tsanani na sa ta tsage.

Ta huɗu ita ce mai hawa-hawa, wadda aka manna ledoji biyu ko uku wuri guda, kowace da aikinta. Daga cikinta akwai mai azurfa a ciki, irin ta madarar gari, wadda ke tare haske da iska da danshi gaba ɗaya. Akwai kuma mai kauri da ake zuƙe wa iska da inji, don nama. Waɗannan sun fi tsada, amma su ne ke riƙe kaya watanni.

Bayan iri, sai kauri. Ana auna shi da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Gashin kan mutum kan kai kamar maikiron 70. Idan za a sayi leda da yawa, a tambayi dillalin kaurinta, domin leda biyu na iya zama iri ɗaya, girma ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya kauri.

Kowane kaya da abin da ya dace da shi

Gari da busassun kaya, irin su garin ɗanwake, garin kunu, kuka, busasshiyar kuɓewa da busasshen zogale, PE mai kauri ta ishe su, matuƙar an liƙe bakin da kyau. Abin lura shi ne zogale da kuka suna rasa korensu a rana, don haka kada a shanya ƙullin a bakin rumfa yini guda. A fito da kaɗan na nuni, sauran a bar su a kwali ko a buhu.

Yaji da daddawa da citta da kanumfari ƙamshinsu ne kuɗinsu. Idan kina jin ƙamshin yaji ta bayan leda, to ƙamshin fita yake yi, abin da mai saye zai biya ne ke tafiya a iska. Irin waɗannan PP ta fi musu, idan kuma za su daɗe ko za su yi nisa, mai azurfa. A guji haɗa su buhu ɗaya da sabulu ko kananzir ko turare, domin yadda ƙamshi ke fita ta PE, haka wari ke shiga.

Ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, kantun riɗi, cincin da soyayyiyar fara suna da matsala biyu: danshi na sa su laushi, iska da haske na juya man da ke jikinsu. PP ce ta dace da su idan za a sayar cikin 'yan makonni, ga ta kuma tana nuna kaya, mai saye ya gani da idonsa. Sharaɗi guda shi ne a bari su huce sarai. Duk abin da aka ƙulle da ɗumi zai yi gumi a ciki, gumin nan kuwa shi ne mafarin fumfuna.

A kan gyaɗa dole mu ɗan tsaya. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe ba tana haifar da wata guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma suya ko dafuwa ba sa kashe ta. A ƙasar Kenya a shekarar 2004, mutum 125 ne suka rasu bayan cin masarar da ta kamu da wannan guba. Don haka gyaɗar da ba ta bushe ƙayau ba, kada a kusantar da ita da leda, kuma a tsince duk ƙwayar da ta canza launi ko ta motse kafin a kai inji.

Man gyaɗa ba kayan leda ba ne sai don ƙullin da za a yi amfani da shi a ranar. Na ajiya, jarka ko kwalba mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba, a cika ta har wuya don kada iska ta sami wurin zama, a kuma kawar da ita daga rana. Jera kwalaben mai a bakin titi yana kiran masu saye, amma yana tsofar da man.

Kilishi da dambun nama su ma maiƙo ne da su, kuma kilishi yana da kaifin da ke huda siririyar leda. Na sayarwa a ranar takarda mai tsabta ta isa. Na aikawa nesa kuwa, leda mai hawa-hawa ce, bayan ya bushe ya huce. A nan akwai gargaɗi ga masu sayen injin zuƙe iska: nama ko kifin da ke da sauran danshi, idan aka zuƙe masa iska aka ajiye ba a firij ba, akwai ƙwayar cutar da ta fi son inda babu iska, gubarta na shanye jiki har ta kashe, kuma ba lalle ne wari ya nuna ba. Injin na busasshen kaya ne ko na wanda zai zauna a sanyi.

Nono, fura, zoɓo da kunun aya kuwa, PE mai kauri ce ledarsu, saboda ita ke jure ƙanƙara. Kada a cika ta fal, a bar wuri domin ruwa yana ƙaruwa idan ya daskare. Amma a sani cewa babu ledar da ke hana su tsami, sanyi ne kaɗai ke jinkirta shi. Ƙullin da ya kumbura alama ce abin da ke ciki ya fara lalacewa, ba na sayarwa ba ne.

Ɗanyen tumatir, tattasai, albasa, rogo da ganye ba sa son a toshe su. Kwando, buhun raga, ko leda mai huji-huji su ne nasu.

Darasin buhun wake

Babu inda zaɓen leda ya nuna amfaninsa ƙarara kamar a ajiyar wake, kuma manoman Magarya da Dungas sun san buhun da muke nufi, wato buhun PICS mai hawa uku. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara gwada dabarar a arewacin Kamaru, sannan daga shekarar 2007 aka shiga yaɗa ta a ƙasashen Afirka ta Yamma, inda a Nijar masu binciken cibiyar INRAN ta Maraɗi suka taka rawa sosai, kamfanin Lela Agro na Kano kuma ya riƙa ƙera buhunan.

Buhun ledoji biyu ne a ciki, irin mai lamba 2, kowace mai kaurin maikiron 80, sai buhun saƙa a waje don ɗaukar nauyi da kare su daga huda. Idan aka zuba wake aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki su ne za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Dabarar tulun kakanninmu ce ta dawo cikin sabuwar riga. Da haka mai wake ke iya riƙe kayansa daga kaka zuwa lokacin da farashi ya tashi.

Muhimmancin wannan ya wuce batun riba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Abin da Turawa suka ƙi karɓa, 'ya'yanmu ne ke cin sa a ƙosai da alale.

Amma shi ma buhun yana da sharuɗɗa. Huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin, don haka a hura ledar a duba kafin a zuba, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma a daina buɗe shi kowane lokaci. Sannan dole hatsin ya bushe. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Wannan shi ne babban darasin da ya shafi kowace leda: tana tsare abin da aka ba ta ne yadda aka ba ta. Idan busasshe aka zuba, busasshe za a tarar. Idan da danshi, ita ce ma za ta taya shi ruɓewa.

Baƙar leda da abinci mai zafi

Baƙar leda ta ɗaukar kaya ce. Sau da yawa da tsofaffin robobin da aka tsinto aka narkar ake yin ta, kuma baƙin launin yana ɓoye abin da aka gauraya. Zafi da maiƙo su ne ke janyo sinadaran roba su shiga abinci, to sai ga shi ƙosai da awara da soyayyen dankali, waɗanda suka haɗa zafin da maiƙon, su aka fi jefawa a cikinta kai tsaye daga kasko. Muna kira ga iyayenmu mata masu tuya da su bari kaya ya tsane ya sha iska, su kuma ƙarfafa wa masu saye su riƙa zuwa da kwanonsu kamar yadda ake yi a da. Alale a gwangwani mai tsabta ko a ganye ya fi alale a leda. Takardar jarida da ta buhun siminti ma ba su dace da tsire ba, domin tawada da ƙurar siminti na bin maiƙo.

Liƙi da suna

Leda mai kyau da mugun liƙi asarar kuɗi ce. Ƙullin hannu yana barin iska, kyandir kuma yana ƙona wani wuri ya bar wani a buɗe, ga baƙin hayaƙi. Ƙaramin injin liƙe leda, wanda ake dannawa da hannu, wutar da yake ci kaɗan ce, mai sola da inbata ma zai iya tayar da shi. A goge bakin ledar kafin a liƙe, domin gari ko mai a wurin yana hana ta kamawa. Don gwaji, a liƙe guda da iska a ciki, a tsoma a bokitin ruwa a matsa. Idan kumfa ya fito, da sauran gyara.

Sannan a sa 'yar takarda mai sunan kaya, da nauyinsa, da ranar da aka yi shi, da lambar waya. Mai shago a Damagaram ko Kano ya fi sakin jiki da kayan da ya san mai shi. Wadda ke son kayanta su shiga manyan kantunan Najeriya kuma, ta sani cewa za a tambaye ta rajistar hukumar NAFDAC.

Lissafin riba da asara

Mun san abin da wasu za su ce: leda mai kyau tsada gare ta. To a yi lissafi. A ce kin yi ƙulli 100 na ƙuli-ƙuli, kowane dala ashirin, kuɗinsu jika goma ke nan. A ce kin zaɓi leda mai araha kin rage dala ɗaya a kowane ƙulli, kin tsira da dala ɗari. Idan ƙulli goma kacal suka sha iska aka dawo miki da su, jika guda ta tafi, ninki biyu na abin da kika rage, ban da mai sayen da ba zai sake dawowa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Hanyar rage tsadar ita ce haɗa kai. Kaso mai yawa na ledar da ake amfani da ita a wannan yanki daga Kano take fitowa, kuma 'yan kasuwa ba su manta yadda kaya suka yi wuya ba lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ƙungiyoyin mata irin na Mata Masu Dubara, waɗanda aka faro a Jihar Maraɗi a 1991, suna da asusun da za su iya sarin leda mai kyau da yawa su raba, su kuma sayi injin liƙi guda a riƙa karɓa-karɓa.

Doka da muhalli

Ya kamata kuma 'yan kasuwa su sani cewa tun ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63 wadda ta haramta ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da siraran ledoji masu laushi. Ledar ba ta bar kasuwa ba, amma dokar na nan a rubuce. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas ma ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a watan Janairun 2024. Mai dabara ba ya jiran ranar da za a zo kwashe masa kaya.

Ko babu doka, mahauta shaida ne a kan tulin ledar da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu, dabbar na ci tana ramewa har ta mutu, manoma kuma na ganin yadda take hana ruwa shiga ƙasa. Siririyar ledar da ba ta tsare abinci ita ce dai iska ke kwasa ta rataye a ƙaya. Wanda ya rage ta ya koma ga mai kauri inda ake bukata, da kwano da kwando inda ba a bukata, ya taimaki aljihunsa da garkensa.

Saboda haka, ranar kasuwa mai zuwa idan aka tsaya gaban mai leda, bayan nawa ne, a ƙara masa da tambaya uku: wace iri ce, mene ne kaurinta, kuma an yi ta don abinci? Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.